Baba Ya Ƙi Kwana Nesa da Tashar Mota

Saulawa, ƙasar Ikara,
14 ga Afrilu, 1962.

Zuwa ga Yayana Iliyasu a Bukuru,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙane ga wansa. Ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Huseina da ƙaramar nan Jamila da ban taɓa gani ba, Allah ya raya ta. Allah ya tsare ka daga sharrin ramin kuza, amin. Mu ma lafiya lau, sai ƙafar Baba ta hagu da ke kumbura in rana ta yi zafi. Inna mun baro ta a Kudan, ƙanwarmu Adama ta koma wajenta tana taya ta kwana.

Yaya, na san labari ya iso maka cewa Baba ya ɗaura niyyar Makka a ƙasa, ni ne mai kora masa jaki. Mun fito bayan ƙaramar salla, duk unguwa ta raka mu har bayan gari, mata na kuka, aka shafa fatiha. Ina jin mutanen Kudan sun ɗauka yanzu mun wuce Yerwa. To, ga inda nake rubuto maka, Saulawa. Mai keke in ya yi sammako zai je gidanmu ya ci tuwon dare. Kunya ta hana ni shiga kasuwa, kada in haɗu da wanda ya yi mana rakiya.

Duk rigimar a kan masauki take. Jagoran ayarinmu Malam Bobbo ne, wani dattijon Bafillace da ya taɓa zuwa ya dawo. Ƙa'idarsa ita ce a sauka inda akwai rijiya da inuwa da ciyawar dabbobi, a tashi da asuba, kuma kada a kwana gidan dangi, don dangi ba sa sakin maniyyaci. Gaskiyarsa ne, kowa na son ladan saukar mai zuwa Makka, ba mai ce maka tashi. A Makarfi ayari ya sauka zauren masallaci, Baba ya ce shi yana da abokin cinikin rake a bakin tasha, can muka tare sai da kasuwa ta ci ta sake ci. A Nasarawan Doya Gwaggo Lantana ta share ɗaki, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta sa aka yanka zakara. Baba ya ci ya yi hamdala, sai ya ce ya manta butarsa a Makarfi. Yaya, muka juya da jaki da kaya saboda butar gwangwani mai yoyo! A Ikara liman ya ba mu ɗaki mai sanyi, ga rijiya a tsakar gida, Baba ya ce wai ɗakin ya cika duhu. Ya zaɓi rumfar wani mai gyaran keke, inda kuɗin cizo suka yi mini zane a baya, hayaƙin mota kuma ya sa shi tari. Ko'ina aka tashi sai an ɗora mana mazarƙwaila, yanzu tana narkewa a mangala, ƙudaje na bin jakin kamar mahauta.

Malam Bobbo ya gaji, ya ja mutanensa zuwa Kurmin Kogi. Ya aiko mini cewa ranar da ruwan fari ya sauka zai wuce, da mu ko ba mu, domin gaba da Yerwa akwai ƙasar baƙar laka wadda in ta jiƙa jaki ke nutsewa har ciki. Mutum biyu kuma ba sa keta wancan daji su kaɗai. Jiya hadari ya haɗu a gabas, iska ta watsa shi. In ayarin nan ya tafi, sai baɗi, ni kuwa da na ga ƙafar Baba ban san ko tana da baɗi ba.

Na daɗe ina cewa rikicin tsufa ne, sai da na zuba ido. Duk masaukin da ya ƙi, nesa yake da hanyar mota. Duk wanda ya zaɓa, daga bakin ƙofa ana hango inda fasinja ke sauka. Da ya ji ƙugin mota sai ya miƙe, ya gyara hula, ya ce zai duba jaki, alhali jakin na bayan gida. Na ji shi da kunnena yana tambayar yaron mota ko daga wajen Jos suka taso. Ka san al'ada, mai tafiya irin wannan ba ya fita sai ya nemi yafiyar kowa, don ba lalle ya dawo ba. Baba ya bi gida gida, har rugar da shanunsu suka cinye mana dawa ya je. Kai kaɗai ka rage, tun ranar da ka bar gona tsakiyar damina ya ce kada ka sake taka masa zaure. Shekaranjiya da hantsi na yi ƙarfin hali na ambaci sunanka. Ya ce ba ni da aikin yi, in tashi in shayar da jaki. Ina kwance igiya sai ya tambaye ni, ba tare da ya dube ni ba, wai takarda takan daɗe kafin ta kai Bukuru.

Yaya, haƙurina ya kusa ƙarewa, kuma ba a kan Baba kaɗai ba. Na san maganar ta yi maka zafi, ina tsaye aka yi ta. Amma shi bakinsa ba zai iya kiranka ba, ƙafarsa kuma ta ƙi wucewa. Don Allah ka roƙi shugaban aikinku ya ba ka ko kwana kaɗan ne. Ba sai ka ce komai ba, ka durƙusa ka gaishe shi, sauran ku bar wa Allah.

Gwaggo Lantana na gaishe ka, ta ce ka zo mata da Jamila. Ka gaishe mini da Huseina da kyau, da Usmanu ɗan Kawu in har yanzu kuna bariki ɗaya. In ka sauka Saulawa ba sai ka tambayi kowa masaukinmu ba. Ka dubi zauren da ya fi kusa da inda motar ta tsaya, za ka ga wani tsoho a tsaye yana gyara hula.

Ni ne ƙanenka,
Ɗan'azumi Sada.