Makullin Agogon Hajiya

Tandabawi, Makka
3 ga Rajab

Zuwa ga Ummana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya ke da ƙannena. Yaya ciwon ƙafar? Baba yana lafiya, kullum yana shagon ɗinki a Misfala, sai Juma'a nake ganinsa. Na rubuto ne saboda duk lokacin da ya miƙo mini waya akwai mutane a zaune, sai bakina ya mutu. Wata 'yar Funtuwa da ta gama Umara za ta kawo miki. Ki karanta ke kaɗai.

Hajiya Sa'adiya, gwaggon Baba, tana riƙe ni da kyau. Idonta ya kusa tafiya duka, kunnen ma sai an matso. Ni nake matsa mata ƙafa, ni nake kai ta alwala. Amma Umma, ba ni ce tata ba. Jikarta Nuf ce tata. Shekara ɗaya kacal ta ba ni, Hausarta ma rabi Larabci ce, amma da ta buɗe baki sai Hajiya ta hau murmushi.

Shekaranjiya ina yanka koren tattasai, Nuf ta ce a nan sunansa filfil rumi. Hajiya ta ce ita shekara tamanin tana ci, ba ta taɓa sanin abin da ya haɗa tattasai da Rumawa ba. Shi ke nan Nuf ta samu fili. Ta ce talotalo ma dik rumi ake ce masa, cukun Masar ɗin nan mai gishiri kuma jubna rumi, ga shi ba a Rum ake yin sa ba. Ta ce asali sunan birni ɗaya ne a Italiya, mutanensa suka mallaki ƙasashe har sunan ya bi su. Rumawan da ke cikin surar Rum kuma wai ba na Italiya ba ne, na wajen Istanbul ne, harshensu ma daban, amma sun riƙe sunan. Har da wani sahabi da ake yi wa laƙabi da Rum alhali Balarabe ne, don kawai a cikinsu ya tashi. Hajiya ta yi dariya ta ce, “To ai mu ke nan. A nan aka yanke mini cibi, amma har gobe Takari nake.” Ta jawo kan Nuf ta sumbata. Ni ina tsaye da wuƙa, ba wanda ya ce sannu.

Ni ma fa na san wani abu na Rum. Akwai babban agogon katako a ɗakin Hajiya, na marigayi mijinta, kuma lambobin Rumawa ne a jikinsa, irin waɗanda muka yi a aji biyar. Ya zo bakina na haɗiye. Nuf kaɗai ke taɓa agogon. Ita ke da makullin, kullum da magariba take hawa kujera ta buɗe gilashin ta wana shi, Hajiya tana sa mata albarka.

Ga abin da na gano. Agogon ba daidai yake ba! Da la'asar sai ya buga tara. Na duba sau da yawa. Ina jin mai surutun Rum ba ta iya karanta lambobin Rum ba, kuma Hajiya ba ta gani. Ban faɗa wa kowa ba tukuna.

Ki gaida kowa. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Amatullahi

Tandabawi, Makka
16 ga Rajab

Zuwa ga Ummana,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya, ƙafar kuma ta yi sauƙi. Umma, na yi ɓarna, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa.

Ranar Asabar Hajiya tana azumin tsakiyar wata. Da hantsi ta kwanta, aka sauke labule aka kunna mata na'urar sanyi, ɗakin ya yi duhu. Nuf ta shiga wanka. Na ɗauko makullin daga aljihun jakarta ta makaranta, na hau kujera, na duba lokaci a wayar gidan, na juya hannayen agogon daga huɗu zuwa goma. Na mayar da makullin. Niyyata idan an lura agogo ya yi daidai a tambaya wa ya gyara, sai in ce ni ce. Har na shirya yadda zan faɗa a hankali, kamar ba komai ba.

Da rana ta take agogon ya buga goma sha biyu. Muna kicin muka ji Hajiya tana salati. Kafin mu shiga ta riga ta ci dabino ta sha zamzam, tana kuka tana cewa barci ya cinye mata azahar da la'asar, me ya sa ba mu tashe ta ba. Muna tsaye aka kira sallar azahar a masallacin da ke bayan gidan, Nuf ta ɗage labule rana ta shigo. Hajiya ta ajiye ƙwallon dabinon da ke hannunta.

Ashe Umma, agogon ba kuskure yake yi ba. Lokacin mutanen Makka na da yake bi. A wajensu rana tana farawa ne da faɗuwar rana, saboda haka magariba ita ce ƙarfe goma sha biyu. Abin da Nuf take yi ke nan kullum, da an kira salla sai ta mayar da hannayen kan sha biyu. An daɗe da barin wannan lissafi, amma mijin Hajiya ya ƙi bari har ya rasu, ita kuma da bugun agogon take sanin lokacinta tunda ido ya tafi. Kowa a gidan ya sani. Wata biyar ina kallon agogon, kunya ta hana ni tambaya.

Hajiya ta ce Nuf kaɗai ke da makulli. Nuf ta rantse ba ta taɓa shi ba tun magaribar jiya. Hajiya ta ce ilimi ya yi mata yawa har ta fara raina agogon kakanta, ta miƙo hannu. Nuf ta sa mata makullin a tafi tana hawaye. Sai Hajiya ta laluba ta kamo hannuna ta ce, “Ungo, ya binti, 'yata. Ke ba ki da rawar kai.”

Na karɓi makullin. Kuma Umma, kada ki tsane ni, na ji daɗi. Da na hau kujerar da magariba Hajiya ta sa mini albarka da sunana, na ji kamar a bar ni a can sama. Sai da na sauko na ga Nuf ce take riƙe mini kujerar.

Makullin yana wuyana a zare. Ban san yadda zan yi ba.

Taki,
Amatullahi

Tandabawi, Makka
5 ga Sha'aban

Zuwa ga Ummana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku duka. Baba ya ce kin ce a gaya mini Allah yana ganin abin da Hajiya ba ta gani. Bai gane ba, ni na gane.

Kwana tara na riƙe makullin. Kullum Nuf ce ke kawo kujera ta riƙe, har tana nuna mini in daina wanawa idan ya fara tauri. Ran na tara muna wanke-wanke ta ce mini, ba tare da ta kalle ni ba, ita a ƙaramin aljihun jakarta take ajiye makulli, amma ranar a babba ta same shi. Tun ranar ta sani. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa. Ta ce ita tana da uwa da uba a gidan, ni kuwa Hajiya kaɗai gare ni. Wallahi da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari ina matsa wa Hajiya ƙafa na faɗa mata. Sau biyu na faɗa, don na farko ba ta ji ba. Ta janye ƙafarta. Sannan ta ce in ciro makullin in kai wa mai shi da hannuna. Ta ce kuma ranar Litinin tare za mu yi azumi, tunda ni na karya mata nata. Mun yi. Ta yafe mini, har ta koma tsokanata, tana ce mini injiniyar Rum. Amma yanzu duk baƙuwar da ta shigo sai ta ji labarin haƙurin Nuf. Da ilmi kawai ta fi ni, yanzu na ƙara mata da hali. Ni nake riƙe kujera.

Akwai wani abu kuma. Nuf ta gan ni ina rubutu ta tsaya a kaina. Ta ce waɗannan haruffan na boko su ma na Rumawa ne, da su take rubuta Turanci a makaranta, amma ba ta taɓa ganin Hausa a cikinsu ba. Ta roƙe ni in koya mata. Na ji daɗi, don karon farko ke nan da ta ce mini ban sani ba. Na nuna mata masu lanƙwasa, na ce sai ta yi wata uku. Umma, mako ɗaya ta yi.

Kuma kin san wa ta zaɓa ta fara rubuta wa? Ke. Wai tana so ta gaida matar da ta haife ni. Takardarta tana cikin ambulan ɗin nan, ita ce mai launin ruwan hoda. Rubutunta ya fi nawa kyau, na gani, amma akwai kuskure huɗu a ciki, ban gyara mata ba.

Ki ba ta amsa, ta cancanta. Amma don Allah idan za ki rubuto, tawa ta fi tata tsawo, ko da layi ɗaya ne.

'Yarki ta fari,
Amatullahi