Tsaya, Da Saura

Gaya, ranar Talata

Zuwa ga Yaya Inuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Yaya Kubura da yara, da aikin makaranta. Inna tana gaishe ka, ta ce gyaɗar da ka aiko rabinta ƙasa ce, amma ta gode.

Tunda a Toranke sai ka hau tudu kake samun sabis, kai kuma ba ka son hawa tudu, ga takarda ta hannun Barau direba kamar kullum. Magana ce a kan kwamfutar Baba. Yaya, ta gaji. In na kunna ta da safe, sai na share zauren, na gaisa da Inna, na dawo na tarar tana nan tana tunani. Jiya wani ango ya kawo aikin katin biki, ina gama bugawa ta ɗauke da komai, ya tsaya yana hararata kamar ni na hana shi aure. Ka san kuwa da buge-bugen nan nake rufa wa kaina asiri.

Ƙawata Fiddausi ta kawo min wata da ta daina amfani da ita, ta ce in gwada. Ba irin ta Baba ba ce ko kaɗan. Tsarinta daban ne, abin da yake kan tamu ba ya hawa kanta, sai na koyi komai daga farko. Amma fa akwai sauri. Matsalar ita ce teburin ɗaya ne, sai an sauke ta Baba, kuma tun rasuwarsa ba wanda ya gusar da ita. Ban gaya wa Inna ba tukuna. Kai ne babba, ka yanke mana.

Ƙanwarka,
Muhsina

Toranke, ranar Asabar

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, na kuma gode. Ki gaishe min da Inna da kyau, ki ce mata ƙasar ma daga gonarta take. Ki gai da maigidanki.

Lallai ke ce 'yar Baba ta gaskiya, kina ganin sabon abu hankalinki ya tashi. Ke yarinya ce lokacin da ya kafa dish na talabijin a gidan nan, ba lallai ki tuna komai ba. Akwai wata tasha da ba ta da aiki sai talla. Bayan la'asar wani Bature mai faɗin baki zai fito yana ihu a kan wuƙa ko tukunya, Baba kuma ya zauna a kujerarsa yana fassara wa Inna, har da kwaikwayon hannun mutumin. Washegari zai kwatanta wa Barau abin, a je Kano a yi ta yawon kasuwa sai an samo shi.

Akwai wuƙar da aka ce tana yanka takalmi sannan ta yanka tumatir. Baba ya gwada a kan takalminsa na Juma'a, ta yanka kuwa, amma da aka kawo tumatir ta ƙi. Akwai bel ɗin rage teɓa, wanda ya girgiza shi har hularsa ta faɗi gaban baƙi. Akwai abin yankan albasa ba hawaye, wanda Inna ta mayar wurin ajiye allura. Ba na jin akwai wanda ya kai wata uku yana aiki, kuma ban taɓa ganin Baba ya yi da-na-sani ba.

Abin da ya fi so a tallan shi ne ƙarshensa, inda Baturen yake ɗaga yatsa ya ce ba a gama ba, akwai kyauta a kai. Baba ya fassara shi da "tsaya, da saura". In kaya ya iso, sai ya zare ƙaramar kyautar da take cikin kwalin ya ɓoye. Sai Inna ta gama mitar ya zubar da kuɗin taki, an kwana biyu ta manta, sannan ya tare ta a ƙofar kicin, ya ɗaga yatsa ya ce, "Tsaya Amarya, da saura." Har gashinta ya yi fari bai daina kiranta Amarya ba, ita ma ba ta daina yin kamar ta yi mamaki ba.

Kwamfutar nan ce kaɗai ya saya ba don ya gan ta a talla ba, ita ce kuma kaɗai ta zauna. Damina guda ya yi yana fama kafin ya koya mata haruffanmu masu ƙugiya, ya ɗiga jan farcenki a kan K da D da B don kada ya manta. Yakan ce wanda ya rubuta Hausa ba ƙugiya bai gama rubutu ba.

Hukuncina shi ne kada ki taɓa ta. Na sha ganin Inna ta shigo zauren da yamma tana goge ta da gefen mayafi, alhali ba ƙura a kanta. Ina tsoron ranar da za ta shigo ta ga wani abu daban a kan teburin. Ni ma, in gaya miki gaskiya, ba na son ganin ranar.

Yayanki,
Inuwa

Gaya, ranar Alhamis

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na ga takardarka, amma kafin ta iso kwamfutar Baba ta mutu gaba daya, ga aikin jarrabawar makarantu a hannuna. Dole na sauke ta. Da sabuwar nake buga maka wannan. Ba zan iya dogon bayani ba, domin tun da aka sauke ta Inna ta yi baki, gidan ba zama. Sai na sami sarari.

Muhsina

Toranke, ranar Lahadi

Muhsina,

Bayan sallama. Tun da Barau ya miƙo min takardar nan ban iya cin abin kirki ba. Na hau tudun har sau biyu, wayarki ba ta shiga.

Wa Inna ta yi wa baki, ke ko mu duka? Matar da ko lokacin da na tsallake katanga na je kallon dambe ba ta ce min komai ba sai Allah ya shirya. In har ta kai ta ga buɗe baki a kanmu, to mun taɓa mata inda ba a taɓawa. Ai na gaya miki.

Ki mayar da kwamfutar kan teburin yau ɗin nan, ko da ta mutu. Ki rufe ta da ƙyallenta yadda take. Jarrabawar makarantu kuwa a kai wani wuri, bakin uwa ba abin wasa ba ne. Ki durƙusa ki ba ta haƙuri, kada ki yi mata bayanin sauri ko tsari. Ranar Juma'a zan biya Kademi in ɗauko Kawu Bubayero, shi ne take jin nauyinsa, mu zo mu roƙe ta tare.

Allah ya huci zuciyarta.

Inuwa

Gaya, ranar Talata

Zuwa ga Yayana hedimasta,

Assalamu alaikum. Ka ga wannan da biro na rubuta, don in sa kowace ƙugiya a inda take. BAƘI, Yaya. Inna ta yi baƙi. Sabuwar kwamfutar ba ta san ƙugiya ba tukuna, ni kuma saboda sauri ban duba ba. Kai da kake jan kunnen yara a kan rubutu, ba ka lura ko "ɗaya" ta zo maka tsirara ba? Na karanta wa Inna takardarka, ta yi dariya har ta ƙware. Daga baya ta ce Allah ya yi maka albarka, kuma kada ka wahalar da Kawu.

Bari in gaya maka abin da ya kawo baƙin. Ranar da za a sauke kwamfutar na kasa yi a ɓoye, na kira Inna. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo. Muna ɗaga ta ni da maigidana, sai ga wani ƙaramin kwali a bayanta, tsakaninta da bango, ko ledarsa ba a ɓare ba. Ka tuna matashin tausa bayan nan da Baba ya sa aka sayo a ciwonsa na ƙarshe? To kyautar da ta zo da shi ce. Abin ɗumama gwiwa ne, irin wanda ake ɗaurawa. Ka san yadda Inna take fama da gwiwa in ta tashi daga sujada.

Na miƙa mata. Ta juya shi, ta sake juyawa, ta goge ƙurar da mayafinta. Can ta ce, a hankali, "Ashe da saura, Malam."

Na yi kuka, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Ita kuwa ta zauna a kujerarsa ta ce a ɗaura mata. Washegari ta aika yaro aka gaya wa ƙannenta, kafin ka ce me gida ya cika da mata. Ta sa aka fito da kwalin kayan tallan gaba ɗaya. Gwaggo Baiwa ta ɗaura bel ɗin teɓa, ya girgiza ta har ɗankwalinta ya zame, Inna kuma tana tsaye tana ɗaga yatsa tana kwaikwayon Baba yana kwaikwayon Bature. Rabon da in ji dariyarta haka tun kafin takaba.

Na tambaye ta batun kwamfutar. Ta ce da Malam ne ya ga sabuwar nan, da tun ranar farko ya sauke tsohuwar, har ya aiki Barau ya nemo ta biyu. Fiddausi ta ce akwai yadda ake koya wa wannan ma ƙugiya, za ta nuna min. Na riga na sayi jan farce. Amma har yanzu kai ne babba, ban ce na yanke ba.

Abin gwiwar dai yana aiki, zuwa yau.

Ƙanwarka,
Muhsina

Toranke, ranar Alhamis

Auta,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Na ci tuwo kwano biyu.

Ki ci gaba da sabuwar, Allah ya sa albarka. Ki ajiye min allon haruffan tsohuwar, mai ɗigon jan farcen, zan karɓa in na zo gaishe da Inna gobe.

Na so in ce ki leƙa bayan kabad ɗin littattafan Baba kafin in iso, tunda shi ma ba a taɓa gusar da shi ba. Na fasa. Kada ki leƙa, kada ki bari kowa ya leƙa. A bar shi a inda yake.

Yayanki,
Inuwa