Jan Ɗigon da Ka Bar Mini a Taswira

Zuwa ga maigidana, Baban Nana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta iske ka lafiya a duk inda Allah Ya ajiye ka. Mu nan unguwar Zariya ta Maraɗi muna nan da rai. Inna mahaifiyarka da 'yarmu Nana suna gaishe ka. Na rubuta a fili inda kowa zai karanta, don lambarka ta daɗe ba ta shiga. Wataƙila wanda ya san ka ya gani ya kai maka.

Ka tuna saƙonka na ƙarshe? Kun wuce Agadas, kun isa wurin haƙar zinariya, ka hau wani tudu da ake samun rezon waya, ka turo mini inda kake tsaye. Jan ɗigo ne a taswirar waya, a tsakiyar fili, ba hanya, ba suna, ba komai kewaye da shi. Ka biyo shi da murya: "Ga ni nan, kada ki ce ba ki san inda mijinki yake ba." Har da dariyarka a ciki. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce, ba ka ƙara cewa komai ba.

Ban ga laifin tafiyarka ba. Ina tsaye kusa da kai ranar da gulbi ya cika ya kwanta a garkar zogalenmu, lambun nan namu na Jiratawa. Ka naɗe wando kana kallon ruwa. Sai da muka hau babur za mu gida ka ce zama ya ƙare.

Har yanzu ina koyarwa a lakwal, makarantar bokon garin Tsibiri, kabu-kabu ya kai ni ya maido ni. A can ne Mushe Iliya, malamin da ke koyar da labarin ƙasa, ya gan ni ina kallon ɗigon lokacin hutu. Ya ce mini manyan kamfanonin fasaha na duniya, waɗanda a da kowa ke riƙe da taswirarsa shi kaɗai, sun haɗa kai sun zuba abin da suka sani wuri guda, kowa ya ɗiba kyauta. Wai na'ura ke duba hotunan da ake ɗauka daga sama, tana zana duk rufin da ta gani. Ya buɗe mini. Na ga gidanmu. Na ga ɗakin Inna, har da rumfar kwanon da ka kafa wa awaki. Sai na ba shi ɗigonka.

Baban Nana, wurin ba fili ba ne kuma. Ƙananan ɗakuna sun bayyana jere a gindin dutse, da wata siririyar hanya da ta taho daga kudu ta tsaya a gabansu. Na zauna a benci. Na zaɓi ɗaki ɗaya, na can gefe, na ce shi ne naka, tunda ba ka son hayaniya.

Daga ranar ba ni da aiki sai kallon ɗakin nan. Wayata ma ta zana mini hanya, shuɗin layi daga ƙofar gidanmu har kusa da kai, sai ka ce in yafa mayafi in fita. To wa zai juya Inna a shimfiɗa? Tun da ɓarin jikinta ya shanye, hannuna kaɗai take yarda ya yi mata wanka. Wa zai riƙe Nana? Kuma wace mace ake bari ta shiga motar can ita kaɗai?

Ƙaninka Sanusi ne ya tafi, bayan an kai gero rumbu. Ya bi hanyar har ƙarshenta. Ya iske ɗakunan, duwatsu ne aka jera aka rufe da leda da buhuna, iska ta yaye rabinsu. Ba kowa. Wani mai sayar da ruwa a hanya ya ce masa zinariyar wurin ta ƙare tuntuni, mutane sun watse, wasu sun yi gaba, wasu sun ƙetare iyaka. Ya ga kaburbura a bayan dutsen, ba suna a kan ko ɗaya. Da na faɗa wa Mushe Iliya, ya sunkuyar da kai, ya ce hoton da na'urar ta duba tsoho ne. Ashe duk lokacin da nake kallon ɗakin ina yi maka sannu da aiki, ka daɗe da barinsa, ko da ƙafarka ko a kafaɗar mutane.

Ɗakunan suna nan a taswira har yau. Na kasa daina buɗewa.

To ga inda nake. Ni ba matar aure ba, ni ba bazawara ba, ni ba mai takaba ba. In an yi biki ban san tabarmar da zan zauna ba. Kawu, wanda ya ba ka aurena, ya zo ya ce in je wurin alƙali a raba auren, shari'a ta ba ni dama. Inna ta ji. Ta juya fuska bango, ta ƙi tuwo ranar. Nana kuwa, da aka ce su zana mutanen gidansu a aji, mutum huɗu ta zana.

Na roƙi Kawu ya bar ni zuwa bayan Sallar Layya. Ya yarda, ya ce daga nan ba ƙari. Ba tsoratar da kai nake yi ba, so nake ka ji daga bakina. In kana raye ka dawo, ko hannu rabbana ne, ba wanda zai tambaye ka abin da ka samo. In gida ka yi a can, ka aiko da kalma ɗaya, zan iya ɗauka. Shirun ne na kasa ɗauka.

Allah Ya tsare ka in kana bisa ƙasa, Ya ba ka ruwan sha da inuwa, Ya juyo da zuciyarka gida. In kuwa kana ƙarƙashinta, Allah Ya yalwata maka, Ya haskaka makwancinka, Ya kawo mana wanda zai faɗa mana, mu san irin addu'ar da za mu yi maka. Amin.

Matarka har yau,
Maman Nana
Zariya, Maraɗi