An Hana Ni Biza Saboda Suna

Dutsin-Ma, daren Talata, 14 ga Satumba, 1965

Ɗazu na dawo daga Kaduna, ba a ba ni bizar zuwa karatu Ingila ba. Baturen ofishin ya ce a takardar makaranta sunana Rabe Kurfi, a fasfo kuma Rabe Abubakar. Ya ce, "Wanne ne kai?" Na ce duk ni ne, tun a elementare malaminmu ya laƙaba mini sunan garinmu. Ko ɗago kai bai yi ba. Kafin a gyara, lokacin shiga makarantar ya wuce.

Gobe sai Kurfi. Inna ta gama dambun naman guzuri, Baba ya sa an yi mini addu'ar tafiya a masallaci. Wallahi ban san yadda zan yi sallama a ƙofar gidanmu ba.