Taɓarya da Hantsaki

Litinin, 3 ga Maris
Auta ta dawo gida da kumburarren ido da akwatin wayoyinta. Ban tambaya ba. Na san hannun mijinta.

Laraba, 5 ga Maris
Ta cinye min tebur. Wai allon lantarki take haɗawa, mai juya lambar kwamfuta ta zama wuta, don injin da ke ɗiga wa majinyaci magani. Wutar ta ɗan zarce, maganin ya zarce. Shi ya sa take auna wasu 'yan ƙwayoyi masu ɗamara, rizisto, da mita, tana ware waɗanda suka zo daidai da juna a faranti. Sati uku tana yi. Ran 17 za a gwada a wurin aikinsu, in ya kuskure a ba wani aikin. Na ce ni dai tsintar tsakuwa nake gani.

Asabar, 8 ga Maris
Mijin ya zo da hantsi, ko gaisuwa babu. Ya kifar da teburin, ƙwayoyi suka watse har ƙarƙashin gado. Ta durƙusa tana tarawa, ya taka mata hannu. Na ji ƙas.
Taɓarya na ɗauko. Ɗaya a gwiwa, ɗaya a baki. Ya ce, "Mama, ni ne fa." Na ce ai na gane ka.
Na share haƙorinsa tare da ƙwayoyin.

Lahadi, 9 ga Maris
Yatsu uku a karye. Ba ta yi kuka a asibiti ba, sai da ta ga farantin.

Talata, 11 ga Maris
Ni ke aunawa yanzu. Lamba dai ina karantawa. Sittin na yi, duk banza, wai na riƙe su da yatsa, jikina ya shiga awon. Saura kaɗan in jefa mitar a bango. Ta miƙo min hantsaki.

Juma'a, 14 ga Maris
Danginsa sun zo bin kadin haƙori. Na jingine taɓaryar a bakin ƙofa. Ba su zauna ba.
Ƙwayoyi goma sha shida sun zo daidai. Abokiyar aikinta ta liƙa su da dalma.

Litinin, 17 ga Maris
Ta dawo ta ce, "Inna, allon bai kauce ba ko kaɗan." Na ce to, ɗauke min tarkace daga tebur.
Hantsakin yana ɗakina. Ba ta nema ba tukuna.