Ba Yawo Na Tafi Ba

Baban yara,

Na fita, kana ta minshari. Albishirinka! Jiya a asibiti an ce hawan jinina ya sauka! Sai da nas ta sake gwadawa don mamaki. Ta ce zagayen filin makaranta da nake yi kullum da safe ne, kada in kuskura in fasa. Ka lura sati uku ban daka wa yaran nan tsawa ba?

Da gangan na bar wayata kan firji, kada ka biyo ni da ita.

In Hajiyarka ta tambaya, don Allah kada ka sake cewa na tafi yawo. Ce mata na tafi shan magani. Na wanke takalminka, gobe tare za mu sha.

Maman yara