Karas ɗin Baba a jarka

Litinin, 18 ga Oktoba

Gero bai yi ba, ruwa ya ɗauke tun yana fidda kai. Baba kuma ya sake tada maganar komawa Gatawa, wai lambunsa na jiransa. Fadamar da 'yan bindiga suka hana kowa takawa! Na ce ya yi zamansa nan Sabon Birni wurina, ya ce, "Tasalla, mi za ni yi nan? Kallon bango?"

Na gaji da roƙo. Na yanka tsofaffin jarkoki, na cika da ƙasa, na sayo irin karas na ajiye gabansa. Ya daɗe yana murza irin a tafin hannu. Can ya ce, "To. Ran da karas ɗin ga yam mutu, ko ran da munka tuge shi, za ni tahi gida."

Ni da na tsani lambu tun ina yarinya.

Laraba, 3 ga Nuwamba

Ya tsiro, siriri kamar gashi. Rijiyar unguwa ta yi ƙasa, don haka ruwan alwala da na wankin shinkafa duk can suke ƙarewa.

Alhamis, 11 ga Nuwamba

Fara. Daji ya bushe, ta rasa abin ci ta faɗo cikin gari. Na dawo daga makarantar da nake koyarwa na tarar ta aske jarka biyu tas. Baba ya ɗaure bakin buhun kayansa ya jingine a ƙofar ɗaki.

Juma'a, 12 ga Nuwamba

Larai maƙwabciyata ta kawo piya-piya, maganin ƙwari. Baba ya ce, "Abin da za mu kai baki shi za ki zuba ma dahi?" Sai na daka ganyen dogon yaro, na jiƙa, na tace, na yayyafa da tsintsiya. Har tuwona ɗaci yake yi yau. Farar ta ragu, ba ta daina ba.

Asabar, 13 ga Nuwamba

Na kwance gidan sauronmu, na kafa karan dawa, na lulluɓe jarkokin. Maigida Wada ya dawo daga kabu-kabu ya gani, ya ce, "Ashe karas ya hi ni daraja gidan ga." Ban musa ba.

Lahadi, 28 ga Nuwamba

Yanzu kuma tsutsa, ita daga ƙasa take yanke gindi, gidan sauro bai dame ta ba. Baba ya ce in tona kusa da wanda ya faɗi. Ga ta kuwa a nannaɗe, ta ƙoshi. Na jefa wa kaji, na zagaye sauran da toka.

Bayana kamar zai tsinke. Wani sa'in cewa nake karas ɗin ya mutu mana kowa ya huta, sai idona ya kai kan buhun nan.

Talata, 14 ga Disamba

An sake tare hanyar Gatawa. Na ɓoye wa Baba, ya ji a masallaci. Bai taɓa abinci ba. Wuni ya yi gaban jarkoki yana murƙushe ƙananan ƙwarin da ke bayan ganye.

Laraba, 5 ga Janairu

Kan karas ya leƙo waje, jajir. Na tura ƙasa na rufe. Baba ya tambaya ko ya isa tugewa, na ce da saura. Mutumin da ya tsufa a lambu, wai ni ke gaya masa da saura. Kallona kawai ya yi.

Lahadi, 9 ga Janairu

Ya tuge da kansa. Gajejjeru, wasu a karkace, ba wanda ya wuce yatsa. Ya wanke ɗaya ya miƙo mini. Da zaƙi, amma idona na kan buhun nan.

Ya tashi ya nufi buhun. Sai na ga ya kwance bakin, ya lalubo tsohuwar wuƙarsa ta lambu.

"Jarkokin ga ba su da zurhi," in ji shi. "Wa ya yanka su haka? Samo wasu, ni za ni yanka na gaba."

Na shiga madafa na daɗe ban fito ba.

Wada ya ce tunda an gama a maida masa gidan sauronsa. Na ce ya nemi wani. Har yanzu ba na son lambu, ina jin. Irin dai tun ranar Laraba na sayo, yana ƙulle a bakin zanena.